Yadda ake shirya tafiyar farko ta mota zuwa gandun Ranthambore don ganin damisar Indiya

Damisa mai ratsi-ratsi, wadda ta fi zaki girma, ba ta rayuwa a dajin Afirka ko ɗaya. Mai son ganinta tana yawo a sake sai ya dangana da Asiya, kuma Indiya ce ke riƙe da kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka rage a daji. Ƙidayar da gwamnatin ƙasar ta yi a 2022 ta ƙiyasta guda 3,682, alhali a 2006 guda 1,411 aka samu. Tunda mutanenmu ba sa rabuwa da Delhi, wasu karatu, wasu rakiyar marar lafiya, wasu saro kaya, wanda ya samu sararin kwana uku ko huɗu zai iya wannan tafiya ba tare da ya sake hawa jirgin sama ba.

Abin da ya fi ɓata wa sababbin zuwa tafiya shi ne juya tsari. Sai mutum ya kama otal, ya biya mota, ya iso bakin gandu, sannan ya fara tambayar inda ake sayen tikiti. Kujerar shiga daji, wato gurbi a motar da ke zagayawa da masu kallo cikin gandu, ita ce farko. Sauran abubuwa duka a jikinta ake ɗaura su.

Zaɓen gandu

Ga mai tashi daga Delhi da mota, gandu uku ne aka fi sani a kusa. Akwai Jim Corbett a jihar Uttarakhand, wanda aka kafa tun 1936, kuma ƙidayar 2022 ta nuna ya fi kowane gandu yawan damisa. Sai dai dajinsa mai duhu ne, ciyawarsa doguwa, damisa tana iya kwanciya taku ashirin daga gare ka ba ka sani ba. Akwai Sariska, wadda ta fi kusa, amma mafarauta sun taɓa ƙarar da damisarta kaf wajen 2004, sai a 2008 aka fara ɗebo wasu daga Ranthambore ana sake zuba mata. Na ukun shi ne Ranthambore ɗin, a gundumar Sawai Madhopur ta jihar Rajasthan, kuma shi nake ba mai zuwan farko shawara.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Daji ne busasshe a mahaɗar tsaunukan Aravalli da Vindhya. Itacen da ya mamaye shi, wanda suke kira dhok, ɗan'uwan marke ne na wajenmu, yana kaɗe ganye da rani, ido ya samu hanya. Ga tafkuna da dabbobi ba su da makawa sai sun zo sha. Gandun yana cikin guda tara na farko da aka sa a shirin ceton damisa na 1973 zamanin Firaminista Indira Gandhi, ya zama gandun ƙasa a 1980, don haka damisoshinsa sun gaji ganin mota tun kaka da kakanni, ba sa gudunta. Wanda yake zaune a Nagpur ko tsakiyar ƙasar, Tadoba ko Kanha ko Bandhavgarh sun fi masa sauƙi, tsarin kuma kusan ɗaya ne.

Lokaci

Daga 1 ga Yuli zuwa ƙarshen Satumba ana rufe tsakiyar gandun saboda damina. Oktoba da Nuwamba daji yana da kyau, kore shar, amma ruwa yana ko'ina, ciyawa ta rufe ƙasa, damisa ba ta da dalilin fitowa fili. Disamba da Janairu sanyi ne na gaske, ga cunkoson masu hutun ƙarshen shekara. Afrilu zuwa Yuni zafi yakan haura maki 40, ƙananan ruwaye su ƙafe, kuma damisa dabba ce mai son ruwa, takan shiga ta jiƙa jikinta ta yi zamanta. A nan ganinta ya fi sauƙi. Bature zafin ne ke korarsa, amma wanda ya saba da bazarar Sakkwato ko Damagaram ba shi da wannan uzuri. In akwai yara ko tsoho a tafiyar, Fabrairu da Maris sun fi dacewa. Ka kauce wa ƙarshen mako da lokacin bukukuwan Diwali da Holi, ka kuma duba ranar hutun mako ta gandun, don akwai ranar da ake rufe shiyyoyi a bar dabbobi su sarara.

Kama kujera

A nan ya kamata ka ɓata lokaci. Motarka ba za ta shiga cikin shiyyoyin kallo ba. Motocin da hukumar gandun daji ta yi wa rajista kaɗai ke shiga, kuma iri biyu ne: Gypsy, ƙaramar buɗaɗɗiyar mota mai ɗaukar mutum shida, da Canter, babba mai ɗaukar mutum ashirin. Ana shiga sau biyu a rana, da sassafe da kuma bayan azahar, kowane zagaye awa uku zuwa uku da rabi. An raba gandun shiyya goma, kuma shiyyar da ke rubuce a takardarka ita kaɗai za ka zaga. Ko da damisa tana tsallaken iyaka kana hango ƙurar motocin da suka taru kanta, direba ba zai ƙetara ba, don lasisinsa ne zai tafi.

Shiyya ta 1 zuwa ta 5 su ne tsohuwar cibiyar gandun, su ake rububi. Ta 3 ita ce mai tafkunan Padam Talao da Rajbagh da kangayen fadar sarakunan da, ta 4 tana da Malik Talao. Ta 6 zuwa ta 10 daga baya aka buɗe su, wasunsu da ɗan nisa daga otal-otal, duwatsu sun fi yawa. Kada ka raina su, akwai damisa a cikinsu, wani lokaci ma mai 'ya'ya takan zauna a can wata da watanni.

Ga yadda za ka bi. Ka shiga shafin hukumar gandun daji ta Rajasthan, wanda adireshinsa ke ƙarewa da rajasthan.gov.in. Ka lura da wannan sosai, domin shafukan dillalai masu kama da na gwamnati sun cika intanet, suna ɗora ribarsu a kai. Ka zaɓi rana, da zagayen safe ko na yamma, da shiyya, da irin mota. Za a nemi suna da lambar fasfon kowane mutum. Ka rubuta su harafi da harafi yadda suke a fasfo, domin a bakin ƙofa ana gwada takarda da fasfo na ainihi, kuma ba a sauya suna. Baƙo yana biyan kuɗi fiye da ɗan ƙasa, kada ka yarda wani ya yanka maka tikitin ɗan Indiya wai don sauƙi, a ƙofa za a sauke ka. In katin bankinka ya ƙi aiki a shafin, abin da yakan faru da katunan waje, ka sa otal ɗin da za ka sauka ya kama maka, amma ka nemi su turo maka takardar izinin ka ga sunanka da shiyyar da idonka. Kujerun Gypsy na shiyyoyi masu farin jini sukan ƙare da watanni kafin ranar. Akwai kason gaggawa da ake kira Tatkal ga wanda ya makara, da tsada ƙwarai.

Sau nawa za ka shiga? Kada ya gaza uku, huɗu ya fi. Wanda ya yanki zagaye ɗaya tak ya taho tun daga Delhi caca ya yi. Damisa ba ta yawo a garke kamar zaki, kowace tana da yankinta mai faɗi, kuma yawancin yini a kwance take cikin inuwa. Ka rarraba shiyyoyin, kada ka zuba duka a wuri ɗaya, ka haɗa safe da yamma. In kuɗi bai kai Gypsy huɗu ba, a ganina Canter uku sun fi Gypsy ɗaya. Canter tana da hayaniya, ba ta shiga lungu da sauri, amma tsayinta yana ba ka damar hange ta saman ciyawa.

Takardu, mota da direba

Mai tasowa daga Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru ko Chadi sai da katin rigakafin cutar shawara, in babu ana iya killace shi har kwana shida a kan shigowa. Fasfo da biza su kasance a jikinka duk tafiyar, don kowane otal sai ya cike takardar rajistar baƙo. Ka tambaya tun kafin ka biya ko suna karɓar 'yan ƙasar waje, ƙananan masauki ba duka ke yi ba.

Batun tuƙi kuwa, shawarata ka ɗauki mota da direbanta. A Indiya hannun hagu ake bi, sitiyari yana dama, ga shanu da babura da taraktoci da ba sa neman izinin kowa. Hayar mota da direba abu ne da aka saba da shi, kuma ba ta fi hayar mota zalla tsada sosai ba. Kafin ku tashi ku yi magana ta ƙare a rubuce: kuɗin kowace kilomita ko na tafiyar gaba ɗaya, wa zai biya kuɗin hanya da harajin shiga wata jiha da na ajiye mota, da alawus ɗin kwanan direba. Ka tabbatar motar tana da izinin fita jihohi, tana da FASTag, wato ɗan tambarin da ake mannawa a gilashi ana cire kuɗin hanya ta cikinsa, kuma na'urar sanyayawa tana aiki. In ka dage sai ka tuƙa da kanka, sai da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da na gida. Ka riƙe tsabar rupi, musamman ƙananan takardu. 'Yan ƙasar da waya suke biyan komai, amma wannan tsari yana wahalar da baƙo.

Hanya

Daga Delhi tafiyar ba ta kai kilomita 400 ba. Ana bi ta Gurugram a hau babbar hanyar Delhi zuwa Mumbai a Sohna. An buɗe sashenta na farko zuwa Dausa da Lalsot a Fabrairun 2023, shi ya rage tafiyar zuwa awa biyar ko shida. Ka sha mai ka cika tanki tun kafin hawa, kada ka dogara da wuraren hutun kan hanya. Iyakar gudu kilomita 120 ne a awa, kuma hanyar miƙaƙƙiya ce mai sa gyangyaɗi, ka riƙa jan direba da hira ko da da hannu ne. Ku fita Delhi kafin ƙarfe shida na safe ku tsere wa cunkoso, sai fa in Disamba ne ko Janairu, lokacin da hazo ke rufe arewacin Indiya har mutum ba ya ganin motar gabansa. A wannan yanayi ku jira rana ta ɗaga. Tafiyar dare kuwa a bar ta.

Mai tasowa daga Jaipur awa uku zuwa huɗu ne. In da hali ya bi ta Tonk, garin da sarakunan Musulmi masu sarautar Nawab suka mulka, mai babban masallacin Juma'a da cibiyar adana tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da Farisanci. Ya cancanci tsayuwar awa guda.

Kada ka sa zagayen farko a yammacin ranar da ka taso daga Delhi. Taya ɗaya ta fashe, kuɗin kujera ya tafi. Ka iso, ka kwana, ka fara da safe. Yawancin otal-otal suna jere a kan titin da ya tashi daga gari zuwa ƙofar gandu, kuma motocin zagaye sukan biyo su ɗauki mutane a bakin otal. Ka ba mai karɓar baƙi takardarka tun da dare ya gaya maka ƙarfe nawa za a zo.

Abinci: Rajasthan ƙasar masu cin ganye ce, ɗigon kore a jikin kaya ko allon shago yana nufin babu nama. Wake da shinkafa da gurasarsu da abincin gargajiya na dal baati za su riƙe ka. In nama kake so ka tambaya ko halal ne, domin akwai wani yankan na sara ɗaya da ake kira jhatka. Akwai Musulmi da masallatai a Sawai Madhopur, direbobi sun san inda ake samu. Ruwan gora kaɗai za ka sha. In da hunturu ka zo, garin ya yi suna da gwaiba.

Shirin safiya

Ka yi sallar asuba da kayanka a jiki, don da zafi wajen ƙarfe shida ake shiga, da sanyi wajen bakwai, mota kuma takan zo kafin nan. Zagayen yamma yana cinye la'asar kuma ba a sauka, sai ka tsara sallarka a matsayinka na matafiyi tun kafin fita. Ka rage shan shayi, ban da 'yan wurare ƙalilan babu inda za a tsaya maka.

Farar shadda da turare mai ƙarfi su zauna a ɗaki. Ka sa kaya ruwan ƙasa ko ruwan toka ko kore mai duhu. Da hunturu buɗaɗɗiyar mota a guje kafin fitowar rana ba wasa ba ce: rigar sanyi biyu, hula, safar hannu, ka karɓi bargo in otal ya bayar. Da bazara hula mai baki da ruwa mai yawa. Kowane lokaci ka riƙe rawani ko ƙyalle na rufe hanci da kyamara, ƙurar tana da yawa. Madubin hangen nesa ya fi kyamara amfani ga mai zuwan farko. Kada ka dogara da waya wajen hoto, domin akwai gandayen da suka hana shiga da ita, Tadoba ta daɗe da yin haka, ka tambayi dokar da ake ciki kafin ranar.

A cikin daji

Kowace mota ana haɗa ta da jagora, ba kai ke zaɓensa ba. Ka gaishe shi da mutunci, ka gaya masa zuwanka na farko ne, sannan ka yi shiru ka bar shi ya yi aiki. Damisa da kunne ake nemanta kafin ido.

Abu na farko da za ka ga suna yi shi ne leƙen ƙasa. Damisa tana son bin hanyar mota saboda laushin ƙura, sai ta bar sawu. In sawun ya hau kan shaidar tayar motar da ta riga ku, yanzu ta wuce. In taya ce ta taka shi, tsoho ne. Daga girma da siffar sawun jagora yakan gane namiji ne ko mace, da inda ta dosa.

Na biyu shi ne kukan gargaɗi, kuma saboda shi direba zai kashe mota ku yi tsit minti goma ko ashirin. Kada ka ƙosa, ba lalaci ba ne. Birin langur mai baƙar fuska yana hango ta daga kan itace, sai ya riƙa wani tari mai kaushi. Barewa mai ɗigo-ɗigo da ake kira chital tana yin ƙara siririya mai kaifi, amma ita matsoraciya ce, ko dila ta gani takan yi. Wanda jagorori suka fi yarda da shi shi ne sambar, wata ƙatuwar barewa mai duhun jiki: in ta buga ƙara ɗaya mai kauri, ta ɗaga wutsiya, tana dukan ƙasa da ƙafar gaba, to ta ga abin da ke cin ta. Ka dubi inda ta kafa ido. In kukan yana matsawa daga wuri zuwa wuri, damisar tafiya take, jagora zai lissafa inda za ta ɓullo ya kai ku can ku jira. In ya tsaya wuri ɗaya sannan ya mutu, ta kwanta. Ɗawisu ma yana taimakawa.

Idan ta fito, zauna. Kada ka miƙe tsaye a kan kujera, kada ka yi ihu ko fito don ta waiwayo, kada ka kunna fitilar kyamara, hannu da ƙafa su kasance cikin mota, yaro a tsakiyar manya. Motoci za su taru, direbobi su yi ta rige-rigen wuri. Kada ka zuga naka ya tare mata hanya, kuma kada ka yi masa alkawarin kuɗi in ya matsa kusa. Ka kalle ta da idonka tukuna kafin ka ɗaga kyamara, wani ganin daƙiƙa goma ne. Ratsin kowace damisa daban yake da na 'yar'uwarta, da shi ma'aikata ke gane su, su ba su lamba mai farawa da T. Ka tambayi jagora wace ce, zai ba ka tarihinta da na uwarta. Da yawa a yankin tafkuna zuriyar Machli ne, T-16, wadda aka ɗauki hotonta tana kashe ƙaton kada, ta mutu a Agustan 2016 tana da shekara kusan ashirin.

Sabo da mota bai mayar da su na gida ba. Namiji yakan haura kilo 200. A 2025 damisa ta kashe yaro a hanyar wurin bautar da ke cikin gandun, bayan 'yan makonni kuma aka rasa wani jami'in gandun daji. Dokar hana sauka daga mota ba ado ba ce.

In zagaye ya ƙare ba a gan ta ba, kada ka huce a kan jagora. Gandun yana da kadoji a bakin tafki, da beyar mai baƙin gashi, da nilgai mai kama da gwanki, da aladen daji, da damisa mai dabbare-dabbare irin tamu wadda ganinta ma ya fi wuya, da tsuntsaye iri-iri. Da ka dawo otal ka tambayi waɗanda suka shiga wasu shiyyoyin abin da suka gani. Damisar da ta yi kisa takan zauna kusa da naman kwana biyu ko uku, mai ƙananan 'ya'ya kuma ba ta nisa. In labarin ya nuna wata shiyya kuma kana da zagayen da ba ka kama ba, a nan kujerar gaggawa take da amfani.

Tsakanin zagayen safe da na yamma akwai awa uku da rabi zuwa shida, gwargwadon lokacin shekara. Ka ci abinci, ka yi caji, ka kwanta. Rana ɗaya ka ware don tsohuwar ganuwar Ranthambore da ke kan dutse a tsakiyar gandun, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013 tare da wasu ganuwoyin Rajasthan. Hawan matakala ne mai yawa, birai suna fizge leda daga hannu, kuma ranar Laraba mabiya addinin Hindu sukan cika wurin don ziyarar wurin bautar Ganesh. Ka tambaya ko hanyar a buɗe take, don akan rufe ta in damisa na yawo a kusa.

Bayan kowane zagaye akan ba jagora da direba ɗan alheri, ko an gani ko ba a gani ba. Ranar komawa ka yi zagayen safe, ka karya, ku kama hanya kafin azahar don ku shiga Delhi da sauran haske. In jirginka na gida a daren ne, ka bar zagayen, ko ka ƙara kwana ɗaya a Delhi.